Neman Makewayi a Bakin Tekun Badagry

Tun kafin mu yi nisa muna neman afuwar iyayenmu da yayyenmu da ke cikin wannan zaure, domin maganar da muka ɗauko yau irin wadda ake rage murya ce kafin a faɗe ta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku duba yawan sunayen da Bahaushe ya raɗa wa wuri guda: banɗaki, makewayi, bayan gida, masai, shadda, salga. Abin da ake yi a ciki kuwa, sai a ce zagayawa, ko kama ruwa, ko fita uzuri. Yawancinsu kalmomin kewaye-kewaye ne, ana nuna wurin da baki ba tare da an kama sunansa ba. A gida wannan kunyar ado ce. Ranar da mutum ya tsinci kansa a garin da ba ya jin yarensu, mara ta cika, babu allo babu alama, ranar kunyar take komawa azaba. Shi ya sa muke ganin duk garin da ya buɗe baki ya kira baƙi yawon buɗe ido, a ƙofar makewayi ake gane gaskiyar marabar da ya yi musu. Garin da ya koya mana haka shi ne Badagry.

Ga wanda bai sani ba, Badagry tsohon gari ne a yammacin Jihar Legas, a kan hanyar zuwa Seme, iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Mutanen Ogu, waɗanda aka fi sani da Egun, su ne masu gari tare da Yarabawa, sarautar garin kuma Akran ake kiranta. Gari ne na kwakwa da kamun kifi. Yana zaune a bakin wani dogon ruwa mai kama da kogi, a hayin ruwan akwai siririn tsibiri, bayan tsibirin sai tekun Atlantika. Abu biyu ke kawo masa baƙi, shan iska a bakin teku da tarihin cinikin bayi. A nan benen 'yan mishan yake, wanda aka kammala a 1845, ake masa laƙabi da bene na farko a Nijeriya, laƙabin da ya sa Katsinawan cikinmu murmushi saboda sun tuna Hasumiyar Gobarau. Akwai wurin da bishiyar Agia ta taɓa tsayawa, inda aka fara wa'azin Kirista a 1842. Akwai gidan tarihi a tsohon ofishin Di'o na 1863, da kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, sannan tsibirin Gberefu, inda hanyar bayi ta tuƙe a gaɓar da ake kira wurin da ba a dawowa.

Mu 'yan Arewa ba bare ba ne a tarihin nan. Daga Badagry Bature Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825, ya bi ta Kano ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can kuma ya rasu a 1827. Ta tashoshin wannan gaɓa aka yi ta lodin bayi zuwa Birazil, cikinsu har da Hausawa, waɗanda tarihin can ya rubuta yunƙurinsu na tawaye a Bahiya a 1807. Wannan ne ya ja mu zuwa garin.

Mu tara ne, maza biyar mata huɗu, duk 'yan ƙungiyar marubuta. Cikin watan Disamba ne. Mun kwana a Agege wurin 'yan uwa, muka fita bayan sallar asuba. A taswira tafiyar ba ta da tsawo, amma cunkoson motoci daga Ojo zuwa Okokomaiko har Agbara ya cinye mana sama da awa uku. Duk wanda ya yi awa uku a mota bayan shayin safe ya san tambayar farko da zai yi in ya sauka, kuma ba ta tarihi ba ce.

Sai dai tambayar ma tana da doguwar hanya kafin ta fito. Ƙaramar cikinmu ta raɗa wa ƙawarta, ƙawar ta raɗa wa babbarmu da muke kira Anti, ita kuma ta yafito ɗaya daga cikin maza ta ce, "Ƙanina, ɗan tambaya mana shi ina za mu zagaya." Shi kuma ya ja ɗan jagora gefe kamar zai gaya masa rasuwa. A ɗaya daga wuraren da muka shiga akwai banɗaki, amma da kwaɗo a ƙofarsa, mai riƙe da makulli ya fita, ba a san sa'ad da zai dawo ba. Muka gangara wani gidan mai, aka ce na ma'aikata ne, da muka roƙa aka buɗe sai ga shi babu ɗigon ruwa. A wani gidan abinci sharaɗin shi ne a fara sayen abinci. Muka sayi lemo, aka nuna mana ɗaki ɗaya tilo, na zama ne irin na Turawa, ƙofarsa ba ta da sakata, sai da ɗaya ta tsaya ta tokare wa ɗaya.

Akwai wata matsalar da ta shafe mu fiye da wasu baƙin. Mu mutanen buta ne. Banɗakin da babu ruwa, ko da an shimfiɗa masa tayil har rufi, rabin banɗaki ne a wurinmu, domin bayan biyan buƙata akwai tsarki, bayan tsarki akwai alwala, azahar kuma ba ta jiran kowa. Mun tafi da butoci biyu a bayan mota, amma buta ba ta haifar ruwa. Ledojin ruwan sha muka riƙa fasawa muna ɗurawa.

Wanda ya fitar da mu kunya wani mai shayi ne da muka ji yana Hausa a bakin titi. Muka ce, "Sannu da aiki, Malam. Don Allah ina masallaci mafi kusa?" Ya dube mu ya yi dariya ya ce, "Sallar ce ko ɗaya buƙatar? Ai ba ku ne farau ba." Ya haɗa mu da yaronsa ya kai mu. A jikin masallacin akwai butoci a jere, da tankin ruwa, da 'yan ɗakunan kama ruwa. Maza suka sami sauƙi nan take. Da aka zo kan mata, sai dattijon da ke kula da wurin ya ce, "Ɗana, mata ba su da wuri a nan. Bari a shiga da su cikin gida." Matar gidan Bayarabiya ce, Hausarta ba ta wuce sannu ba, amma ta ɗebo musu ruwa a bokiti, ta shimfiɗa musu tabarmar sallah, da suka miƙa mata kuɗi ta ture hannunsu. Allah ya saka mata da alheri. Sai dai mata huɗu ne. Ran da motar makaranta ta sauke ɗalibai mata sittin, tsakar gidan wa za ta ɗauke su? Kirkin mutum ɗaya ba ya zama tsarin gari.

Bayan azahar muka shiga kurkukun bayi. Masu jagora suna cewa ɗakuna arba'in ne a da, kowane ana cusa masa mutum arba'in, ɗaki ɗan ƙarami mai 'yar taga can sama. Muna tsaye a ciki mu tara har mun fara jin numfashi yana yi mana wuya. Anti ta ajiye kunya ta tambayi ɗan jagora da bakinta, "To a ina suke zagayawa?" Bai ce komai ba, ya nuna ƙasa da yatsa. Babu wanda ya sake magana har muka fito. Mun sha karanta labarin sarƙa da mari da bulala, amma a ɗakin nan muka gane cewa hana mutum wurin da zai suturta kansa yana cikin hanyoyin da ake bi a cire masa mutuntaka. Ba muna haɗa 'yar wahalarmu ta yini ɗaya da abin da bayin Allah nan suka gani ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da muke cewa shi ne, garin da yake koya wa duniya wannan darasi ya fi kowane gari cancantar ya kula da suturar baƙonsa.

Daga nan sai tsallaka ruwa zuwa Gberefu a kwalekwale mai inji. In an sauka, akwai tafiyar ƙasa cikin rairayi kafin a kai teku, a kan hanya kuma akwai rijiyar da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Rana ta take, zafin bakin teku kuma ba irin namu ba ne, gumi ne ke tsatstsafowa ba ya bushewa. A nan muka lura da abin da ya fi damun mu a tafiyar gaba ɗaya. Maza suna ta ɗaga gorar ruwa, mata huɗun nan kuwa babu wadda ta kai ruwa bakinta tun fitowarmu daga masallaci. Da aka matsa wa ɗaya ta sha, sai ta ce, "Yaya, in na sha ina zan kai shi?" Kafin mu iso gaɓa jiri ya ɗebe ta, sai da ta zauna a gindin kwakwa aka yi mata fifita da littafi.

Wannan dabara ta ƙin shan ruwa, duk macen da ta taɓa doguwar tafiya a ƙasar nan ta san ta. Likitoci kuwa sun daɗe suna gargaɗi cewa ƙarancin ruwa a jiki cikin zafi yana kawo jiri da ciwon kai har da suma, yawan riƙe fitsari kuma yana buɗe ƙofar ciwon mafitsara, wanda dama ya fi kama mata. Namiji yakan juya baya a gindin bishiya ya gama cikin minti ɗaya. Mace mai ciki fa, ko mai al'ada da ke buƙatar canza ƙunzugu, ko mai goyo? Haka dattijo mai ciwon suga da fitsari ke matsa masa a kai a kai, da gurgu a kan keke. Rashin makewayi yana tace baƙin gari ba tare da an rubuta doka ba. Masu ƙarfi su zo, sauran su zauna a gida su kalli hotuna.

A ranar da muka je, tun daga inda kwalekwale ya ajiye mu har bakin teku idonmu bai sauka a kan makewayin da ke aiki ba. Hancinmu kuwa ya gaya mana yadda waɗanda suka riga mu suka warware matsalarsu a cikin ciyayi. Ba mu zarge su ba, don wanda ciki ya murɗa wa ba ya jin wa'azi. Amma abin da aka bari a ciyawa ruwan sama ne ke wanke shi zuwa cikin ruwan da ake kamun kifi, yara kuma suke wanka. Ta haka kwalara da zawo da taifot suke yawo, kuma ba a manta da ɓarkewar kwalara da aka yi a Legas a watan Yunin 2024 ba.

Adalci ne mu faɗi cewa gina makewayi a bakin teku ya fi wuya a kan gina shi a Kano ko Gusau. A wurinmu mai haƙa yakan yi gaba biyu ko uku cikin jar ƙasa mai tauri bai ga ruwa ba. A can ƙasar rairayi ce, ramin masai yana ruftawa in ba a ɗaure shi da bulo da siminti ba, ruwan ƙasa kuma yana kusa, ramin yakan cika da wuri, ƙazantar ta tsiyaya zuwa rijiyoyin maƙwabta. Iskar gishiri tana cin ƙarfe, sakata da famfo da kwanon rufi ba sa daɗewa. Ruwan wankewa yana buƙatar burtsatse, burtsatse yana buƙatar wuta ko sola. Baƙi kuma ba kullum suke zuwa ba, a cika maƙil a Kirsimeti da Ista da hutun Sallah, sauran ranaku wurin ya yi tsit. Uwa uba, ginawa ba ta kai kulawa wuya ba. Ginin da aka yanke masa ƙyalle aka tafa, in babu mai shara da ake biya, babu mai sayen sabulu, wata uku ya isa a garƙame shi da kwaɗo.

Amma wuya ba ta nufin ba zai yiwu ba, kuma maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. Gidan wanka da bahaya sana'a ce da mutanenmu suka iya, a kasuwanni da tashoshin Arewa har da unguwannin Hausawa na Legas. Mutum ya biya kuɗi kaɗan, a ba shi ruwa a bokiti ko buta, mai wurin yana zaune a ƙofa, ya san in wurin ya yi wari ciniki zai gudu. Ba duka ne masu tsafta ba, kuma da yawa ba su ware wa mata ɓangare ba, amma a buɗe suke, domin abincin wani yana rataye da buɗewar. Wurin da ake karɓar kuɗin shiga da kuɗin kwalekwale da kuɗin ɗaukar hoto ba zai rasa yadda zai ɗauki albashin mai shara ɗaya ba.

Matsalar kuma ta wuce gari ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 19 ga Nuwamba a matsayin Ranar Banɗaki ta Duniya tun 2013. A Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarni mai lamba 009, da burin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025. Binciken da gwamnati ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna kusan mutum miliyan 48 ne ke yin bahaya a fili a Nijeriya. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da wannan ɗabi'a a duk ƙananan hukumominta 27. Saboda haka ba mu je Badagry da tsaftatattun hannuwa muna nuna wasu da yatsa ba. Duk baƙon da ya zo kallon hawan sallah ko ganuwa ko marina a garuruwanmu zai iya rubuta irin wannan muƙala a kanmu.

Makewayi shi ne babba, amma yana da ƙanne. Baƙon bakin teku yana buƙatar inuwa da benci inda tsoho zai huta, da allon da ke nuna hanya da hoton da ko wanda bai yi boko ba zai gane. Yana buƙatar kwandon shara don kada ledar ruwa da ɓawon kwakwa su koma teku, da ɗan ɗakin canza kaya ga wanda ya jiƙe, da wurin alwala da sallah da mace ma za ta iya shiga. Yana buƙatar rigar ceto a kwalekwale, wadda maɗaurinta ke aiki, da mai sa ido a gaɓa, domin igiyar ruwan Atlantika a wannan yanki tana da ƙarfin ja, mu kuma yawancinmu iyonmu bai wuce na kududdufi ba. Babu ɗaya a ciki da ya kai ginin babbar ƙofar shiga tsada, amma su ne ke sa baƙo ya yini maimakon ya yi awa biyu ya gudu. Baƙon da ya yini shi ke cin abinci, ya sayi kwakwa da man kwakwa, ya kama ɗaki a masauki, ya koma gida ya turo wasu.

Ga masu niyyar zuwa, kada abin da muka faɗa ya hana ku, wurin ya cancanci gani, kuma gani ya kori ji. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tafi da buta da jarkar ruwa a mota, da sabulu da 'yan canji. Ku kama ruwa a cikin gari kafin ku hau kwalekwale, kada ku ce sai an tsallaka. Ku nemi masallaci ko inda 'yan Arewa suke zama, za a nuna muku wuri. In da hali ku biya kuɗin ɗaki ɗaya a masauki na yinin, ya zama sansanin mata da yara. Shugaban tafiya kuma ya riƙa tsayar da ayari da kansa lokaci zuwa lokaci, kada ya jira sai mace ta tambaya, domin ba za ta tambaya ba sai abu ya kai maƙura. Kuma kowa ya sha ruwa.

Saura mu marubuta. A littattafan Hausa da yawa jaruma takan tashi daga Kano zuwa Legas, ta wuce Dubai ta dawo, an faɗa mana kalar leshinta da sunan turarenta, amma ba ta taɓa neman inda za ta zagaya ba. Masu rubuta labarin tafiya ma sukan cika shafi da kyan faɗuwar rana a teku, su tsallake abin da mai karatu zai fi buƙata ranar da ya bi sawunsu. Alhali harshenmu ya ba mu kalmomin da za a faɗi maganar nan cikin ladabi ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Abin da ba a rubuta shi ba a tattauna shi, abin da ba a tattauna ba kuwa ba ya shiga kasafin kuɗi. Wanda duk ya je wani gari a cikinmu, ko Kalaba ne ko Kwatano ko Kribi, in ya zo ba mu labari ya haɗa da amsar tambayoyi uku: akwai makewayi, akwai ruwa a ciki, mata suna da nasu? Wata 'yar uwa da ba ku taɓa gani ba za ta karanta, ta shirya tafiyarta a kan abin da kuka rubuta, ta sha ruwanta hankali kwance.

Muna sauraren gyara da ƙarin bayani daga waɗanda suka fi mu sanin garin. Allah ya suturta mu gida da daji. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu.